Kwana na Shida

Lawali, ka ce garka ba ta da daɗi,
ka ce aikin tsofaffi ce, da waɗanda aka hana buga tamola.
Aje guga. Zo nan gindin mangwaro.

Ina da shekarunka na shiga filin kokowa
ta ƙarƙashin hammatar mai karɓar tikiti,
na sami wuri tsakanin mai kilishi da wani kurma.
Cindo na Gazawa ya fito, layu har gwiwa,
abokin karawarsa ya ɗara shi da kai guda.
Ganga ta yi shiru.
Suka kama, suka saki, suka sake kamawa,
sai ga ƙafar dogon nan ta rabu da ƙasa,
tafinta fari fat, da idona na gani,
ya daɗe a sama kamar ya manta hanyar sauka.
Kurman nan ya rungume ni yana ihun da ba ya ji.
Da takalmi ɗaya na koma gida.

Sai kuma silima, wadda ba ta da rufi,
taurari a sama, kuɗin cizo cikin benci.
Dala biyar na ranta wurin Tsahara, tun ba ta zama kakarka ba.
Jarumi na rataye jikin jirgin ƙasa da hannu ɗaya,
gada na matsowa, gada na matsowa,
zare ya tsinke.
Bango ya yi fari.
Muka miƙe mu ɗari uku muna zagin mai inji.
Ko da ya ɗaura, ya tsallake wurin,
muka tarar da mutumin zaune yana shan shayi.
Shekara arba'in ke nan, ban san yadda ya sauka ba.

To, bara, da gulbi ya janye,
na sayar da akuyar kakarka a kasuwar Tibiri,
na sayo irin albasa, ɗan ƙulli cikin tsumma,
baƙi kamar garin gawayi.
Fangali goma sha biyu na zuba.

Kwana ɗaya, ƙasa ce.
Kwana biyu, ƙasa ce.
Na uku, injin ban ruwa ya yi tari ya mutu,
na koma jan igiya kamar ubana.
Na huɗu, kurciyoyi suka sauka suna tono,
na kore su da hula, na kore su da baki.
Na biyar, tuwo ya ƙi wucewa.
Tsahara ba ta ce komai ba,
ta dai tsaya tana duban turken da babu kowa.

Na shida, kafin ladan ya sake kira,
na zo da tocila, raɓa har idon sawu.
Na durƙusa.
Wani abu kore, siriri, tanƙwashe kamar allurar da aka taka,
ya sa kafaɗa ƙarƙashin ɓurɓushin ƙasa
da ya fi shi nauyi sau goma,
ya ɗaga shi, ya ajiye shi gefe.

Cindo ne, Lawali. Cindo ne ya dawo.
Na haska gaba, ga wani. Ga wasu. Fangali duka.
Babu ganga, babu kurman da zan runguma,
na yi ihu ni kaɗai,
jakin Nomau ya amsa mini daga ƙetare.

Wannan kallon kuwa zarensa bai tsinke ba.
Wata huɗu ina gaban allo,
na ga tsutsa ta shigo, na ga toka ta kore ta,
na ga kawuna sun kumbura sun tsaga ƙasa,
har ranar da akuya biyu suka tsaya a turken.

Na ji usur, na san ƙafarka na ƙaiƙayi.
Tafi, kada su fara babu mai tsaron gida.
Amma karɓi wannan ƙullin tukuna,
fangalin ƙarshe naka ne, zuba da hannunka.
Yau Asabar.
Tocila tana rataye bayan ƙofa,
ka ɗan buga ta a tafin hannu in ta ƙi kamawa.
Ranar Juma'a, in ka riga ni zuwa, kada ka taka na gefe.